Yarjejeniyar haɗe ƙasashe maƙwabta: abin da ke riƙe ta da abin da ke kwance ta

Wani matashi mai sayar da yadi a Kasuwar Barci, nan Tudun Wadar Kaduna, ya aiko mini da tambaya. Mahaifiyarsa 'yar Maraɗi ce, kawunnansa duk suna can, kuma tun tasowarsa bai taɓa ɗaukar zuwa wurinsu a matsayin fita ƙasar waje ba. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: “Baba Malam, tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS nake ta tunani. Turawa sun yi ta kashe juna, amma yau kuɗinsu ɗaya, suna shiga ƙasashen juna babu shinge. Mu kuwa da muke jini ɗaya, harshe ɗaya, ga shi muna rabuwa. Shin waɗannan yarjejeniyoyi da shugabanni suke sa wa hannu suna da wani amfani? Mene ne tarihinsu, kuma a ina muka kuskure?”

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, tambayarka tana bisa hanya, kuma na daɗe ina son a yi mini irinta. Abin da nazarin tarihin wannan al'amari ya nuna mini shi ne, ƙaunar da ke tsakanin shugabanni biyu ba ta isa ta riƙe yarjejeniya, haka ma zumuncin da ke tsakanin jama'arsu. Yarjejeniya tana ɗorewa ne idan kowace gwamnati ta yarda ta saki wani yanki na ikonta, ta damƙa shi ga wata hukuma da ba za ta iya juya ta yadda ta ga dama ba, sannan ta ci gaba da yi mata biyayya har a ranar da hukuncinta bai yi mata daɗi ba. Duk inda aka samu wannan, haɗewa ta yi saiwa. Inda aka rasa shi kuwa, takardar tana nan a ajiye amma ba ta hana kowa komai.

Kafin mu yi nisa, ya kamata ka bambance haɗewa ta yarjejeniya da sauran hanyoyin da ƙasashe suke zama ɗaya. Haɗe Arewa da Kudancin Najeriya da aka yi a 1914 umarni ne na masu mulkin mallaka, wanda Lugga ya zartar, ba a zauna da kowa an nemi amincewarsa ba. Shigowar Arewacin Kamaru cikin Najeriya a 1961, yankin da gwamnatin Jihar Arewa mai zama a nan Kaduna ta karɓa har aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, ta hanyar ƙuri'ar raba gardama ta zo, ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da kake tambaya a kai daban yake da waɗannan: ƙasashe ne masu cin gashin kansu, kowacce da tutarta da sojanta, su zauna bisa raɗin kansu su rattaba hannu cewa daga yau wani abu da kowa yake yi shi kaɗai za su riƙa yin sa tare. Ba sabon abu ba ne a duniya. Ingila da Sikotlan sun haɗe majalisunsu a 1707, kuma ƙananan daulolin Jamusawa sun ƙulla tarayyar kwastan a 1834, shekaru 37 kafin su zama ƙasa guda a 1871.

Tun da Turai ka kawo misali, bari in daɗe a kanta, domin mutane da yawa suna ganin ginin ne kawai ba su san yadda aka haƙa harsashinsa ba. Faransa da Jamus sun gwabza yaƙi sau uku a cikin shekaru 70: a 1870, da 1914, da 1939. Bayan yaƙi na ƙarshe ba a ce musu su rungumi juna su zama ƙasa ɗaya ba, don babu wanda zai saurari wannan magana alhali kaburbura ba su bushe ba. A ranar 9 ga Mayu 1950 ministan harkokin wajen Faransa, Robert Schuman, ya gabatar da shawarar da Jean Monnet ya tsara, cewa a ɗauki abu biyu kacal, kwal da ƙarfe, a sa su ƙarƙashin hukuma guda. Ba a zaɓe su da ka ba: da kwal da ƙarfe ake ƙera tankar yaƙi da igwa da jirgin ruwa, saboda haka duk ƙasar da ma'adinanta da masana'antunta suke ƙarƙashin idon maƙwabciyarta ba za ta iya shirin yaƙi a ɓoye ba. Ƙasashe shida suka sa hannu a birnin Paris a ranar 18 ga Afrilu 1951: Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holan da Luksambok. Muhimmin abin da ke cikin takardar shi ne, hukumar da aka kafa tana da ikon yanke shawarar da ta hau kan kowa, tana karɓar harajinta kai tsaye daga kamfanonin kwal da ƙarfe ba sai ta je roƙon gwamnatoci ba, kuma an kafa mata kotu.

Su ma fa sun taɓa yin garaje sun sha ƙasa. A 1952 suka sa hannu kan kafa rundunar soja ta bai ɗaya, sai majalisar dokokin Faransa ta yi watsi da ita a watan Agusta 1954. Da suka ga haka sai suka koma kan kasuwanci, suka ƙulla yarjejeniyar birnin Rum a ranar 25 ga Maris 1957, suka ba kansu wa'adi na rage kuɗin fito kaɗan-kaɗan, har aka kammala cire shi a tsakaninsu a 1968. A tsakanin nan shugaban Faransa, Janar de Gaulle, ya janye wakilansa daga zama na tsawon watanni a 1965 saboda bai yarda a riƙa rinjayar ƙasarsa da ƙuri'a ba, ya kuma hana Birtaniya shiga har sau biyu, a 1963 da 1967. Yarjejeniyar Schengen, wadda ta kawar da shingen kan iyaka da kake sha'awa, a 1985 aka sa mata hannu, kuma sai a 1995 ta fara aiki. Sunan Tarayyar Turai kansa sai da yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ya samu, takardun kuɗin yuro kuwa a 2002 suka shiga hannun jama'a, wato shekaru 51 bayan takardar kwal da ƙarfe. Ko bayan haka mutanen Faransa da na Holan sun ƙi amincewa da kundin tsarin mulkin tarayyar a 2005, Birtaniya kuma ta kaɗa ƙuri'ar ficewa a 2016 ta fita a ranar 31 ga Janairu 2020.

A ganina, abin da ya fi komai ƙarfafa wannan gini ba a wurin taron shugabanni ya faru ba, a kotu ya faru, kuma a kan ƙananan abubuwa. Wani kamfanin sufuri na Holan mai suna Van Gend en Loos ya shigo da sinadari daga Jamus, aka caje shi kuɗin fito fiye da yadda ake caji a da, sai ya kai ƙara yana cewa yarjejeniyar Rum ta hana ƙari. A 1963 kotun tarayyar ta yanke cewa yarjejeniyar ba ta gwamnatoci kaɗai ba ce, kowane ɗan kasuwa yana iya kafa hujja da ita a gaban alƙalin garinsu. Shekara guda bayan haka, a shari'ar wani lauya ɗan Italiya mai suna Costa da ya ƙi biyan ɗan ƙaramin kuɗin wutar lantarki, kotun ta ce idan dokar ƙasa ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce a sama. Gwamnatoci sun yi gunaguni, amma sun bi. Ka dubi wannan da idon ɗan kasuwa: ranar da mai kaya ya san cewa idan an zalunce shi a kan iyaka yana da inda zai kai kuka a share masa hawaye, ranar ce yarjejeniya ta sauko daga fadar shugaban ƙasa ta shigo kasuwa.

Mu a Afirka mun fara ne daga sama, kuma ba na zargin magabatanmu da mugun nufi, domin zafin mulkin mallaka ne ya sa suke ganin babu lokacin jira. A watan Nuwamba 1958 Kwame Nkrumah da Sekou Toure suka shelanta haɗewar Gana da Gini, daga baya Mali ta shigo, alhali Gana ba ta da iyaka da ko ɗaya daga cikinsu, ba kuɗi ɗaya, ba harshen aiki ɗaya, ba wata hukuma mai iko. Ba a kai ƙarshen 1963 ba maganar ta bi ruwa. Masar da Siriya sun zama jamhuriya guda a 1958 ƙarƙashin Gamal Abdel Nasser, amma da hafsoshin Siriya suka ga komai daga Alƙahira ake yanke shi, sai suka yi juyin mulki suka balle a 1961. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Tarayyar Mali, tsakanin Sanagal da ƙasar da Turawa suka kira Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau. Ta samu 'yancin kai a ranar 20 ga Yuni 1960, ta watse a ranar 20 ga Agusta, wata biyu cif. Leopold Senghor na Sanagal yana son tarayya mai sassauci, Modibo Keita na Sudan ɗin yana son gwamnatin tsakiya mai ƙarfi, kuma ba a tanadi wanda zai raba gardama idan sun saɓa ba. Ƙarshenta a jirgin ƙasa aka sa Modibo Keita aka mayar da shi Bamako, aka kuma datse zirga-zirgar layin dogon da ya haɗa Dakar da Bamako na kusan shekara uku, talakawan da ke cin abinci a kansa suka ɗanɗana kuɗarsu.

Labarin Sanagal da Gambiya ya fi kama da namu, shi ya sa nake so ka lura da shi. Gambiya tana cikin cikin Sanagal ne, in ban da bakin teku, kuma Wolof da Mandinka da Fulani ne a ɓangarorin biyu, kamar yadda Hausawa da Fulani da Barebari suke a nan da Nijar. A watan Yuli 1981 aka yi yunƙurin kifar da shugaban Gambiya Dawda Jawara yana Landan, sojojin Sanagal suka shiga suka mayar da shi kan mulki, daga nan aka ƙulla tarayyar Senegambiya wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Fabrairu 1982. Shi Jawara kariya yake nema, ita kuwa Sanagal so take a haɗe kwastan, domin Gambiya tana shigo da kaya da ƙaramin haraji, 'yan fasa-ƙwauri suna tsallakawa da su Sanagal, kuma da wannan cinikin baitulmalin Gambiya yake samun kuɗi. Kowa yana da abin da ya riƙe a zuci wanda ba zai saki ba. Da Gambiya ta nemi a riƙa karɓa-karɓar shugabancin tarayyar a 1989, Sanagal ta kwashe sojojinta, aka rushe ta a ƙarshen Satumba. Duk wanda ya san yadda shinkafar waje take sauka a tashar Kwatano ta biyo ta Nijar ta shigo mana, ya san wannan ciwo ba baƙonmu ba ne.

Akwai wadda ta ɗore. Tanganika da Zanzibar sun haɗe a ranar 26 ga Afrilu 1964 suka zama Tanzaniya, kuma suna tare har yau duk da ƙorafin da ba ya ƙarewa, domin an bar wa Zanzibar shugabanta da gwamnatinta, an kuma rubuta abubuwan da suka zama na tarayya. Ƙungiyar Gabashin Afirka kuwa, ta Kenya da Uganda da Tanzaniya, wadda aka kafa a 1967 da layin dogo ɗaya da kamfanin jirgin sama ɗaya da gidan waya ɗaya, ta rushe a 1977, saboda sauran biyun suna ganin Kenya ce ke kwashe romon, kuma tun da Idi Amin ya ƙwaci mulki a 1971 Julius Nyerere ya ƙi zama teburi ɗaya da shi. Sai a shekarar 2000 aka farfaɗo da ita.

Wannan gardama ta gaggawa da bi-sannu ita ce ta raba shugabannin Afirka gida biyu kafin taron Adis Ababa na watan Mayu 1963. Nkrumah yana son a kafa gwamnatin Afirka guda nan take. Firayim Ministanmu Abubakar Tafawa Balewa yana cikin masu cewa a mutunta 'yancin kowace ƙasa, a fara da ciniki da hanyoyi da sadarwa. Ra'ayinsu ne ya rinjaya aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, a 1964 kuma aka amince a Alƙahira cewa a bar iyakoki yadda aka gaje su. Ina ganin Balewa ya fi gaskiya a kan hanya, sai dai waɗanda suka biyo baya sun riƙe rabin maganar, wato kada a taɓa ikon kowa, suka yi sakaci da ɗaya rabin, wato aikin haɗa hanyoyi da kasuwanni.

Yanzu mu dawo gida. Iyakar da ta raba ka da kawunnanka Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka yi tsakaninsu daga 1890 zuwa 1906, ta bar Katsina a nan ta bar Maraɗi a can, alhali sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce da suka koma can bayan jihadi. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa gefen jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. ECOWAS kuwa, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, daga darasin yaƙin basasar Najeriya ta fito. Janar Yakubu Gowon ya ga yadda Kwaddibuwa ta amince da Biyafara a 1968 da yadda Faransa ta tallafa mata, ya kuma ga yadda Diori Hamani na Nijar ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, sai ya fahimci cewa tsaron Najeriya yana hannun maƙwabtanta. Shi da Janar Eyadema na Togo suka tura tawaga ta zaga yankin, Farfesa Adebayo Adedeji yana kan gaba a aikin, har ƙasashe 15 suka sa hannu a Legas a ranar 28 ga Mayu 1975. Wata biyu bayan haka aka hamɓarar da Gowon yana wurin taro a Kampala. Ka kuma riƙe wannan: da yawa daga cikin shugabannin ƙasashen da suka kafa ta sojoji ne da suka hau ta juyin mulki, irin su Seyni Kountche na Nijar, da Moussa Traore na Mali, da Acheampong na Gana, da Kerekou na Dahomey, wato Benin ta yau. A wancan lokaci ƙungiyar ciniki ce, babu ruwanta da yadda mutum ya hau kujera.

Abu mafi daraja da ta haifa shi ne ƙa'idar zirga-zirga da aka sa wa hannu a Dakar a 1979, wadda ta ba kowane ɗan yankin damar shiga ƙasar ɗan'uwansa ba biza ya zauna har kwana 90. Wannan ba ƙaramin abin alfahari ba ne. Amma dubi yadda muka riƙe ta. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, mafi yawansu 'yan Gana, kamar yadda Gana ta kori namu a 1969. A 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakoki ana tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 aka sake rufe su saboda shinkafa da fetur, makonni kaɗan bayan Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a birnin Yamai. A duk waɗannan lokuta babu wata hukuma da ta iya cewa babbar yaya ta tsaya, domin Najeriya ita kaɗai ta fi rabin jama'ar yankin, kuma ita ce ke ɗaukar mafi yawan ɗawainiyar ƙungiyar. A Turai ta farko manya uku ne kusan kai ɗaya, kowa yana taka wa ɗan'uwansa burki.

Ko a lokacin da iyaka take buɗe, gani ya kori ji. Na taɓa shiga mota daga tashar Kawo zuwa Katsina, daga can na bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, takarduna cikakku. A dawowa muna tare da wata dattijuwa da ta sayo aya buhu biyu, ta ƙulle kuɗinta a bakin zane. Duk shingen da muka tsaya sai ta kwance ƙullin ta miƙa wa direba abin da zai kai, ba rasit, ba tambayar takarda. Tun tana yi da fara'a har ta yi shiru, kuma kafin mu iso Katsina na ga ta juya bakin zanen tana duba ko akwai saura. Ayarta amfanin gona ce ta yankinmu, wadda bisa tsarin ECOWAS bai kamata a karɓi ko sisi na fito a kanta ba. Ita ba ta san da wannan ba, kuma ko ta sani, ba ta da inda za ta kai ƙara a saurare ta a ranar. Tun daga wannan tafiya, duk lokacin da na karanta sanarwar bayan taron shugabanni, bakin zanen nan nake tunawa.

Ba a ce ba a yi ƙoƙarin gyara ba. Bayan dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙungiyar, sun shiga Laberiya a 1990, aka sake rubuta yarjejeniyar a Kwatano a 1993, aka tanadi majalisa da kotu da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin, domin ƙungiyar ta samu abin gudanarwa. Majalisar tana da kujeru 115 a lokacin da ƙasashen suke 15, Najeriya tana da 35, amma daga majalisun ƙasashe ake tura wakilan, ba kai ne kake zaɓensu ba, alhali Turawa tun 1979 suke zaɓen nasu kai tsaye. Kotun da ke Abuja ta yi abin a yaba: tun 2005 talaka yana iya kai gwamnatinsa ƙara a kan tauye haƙƙi, kuma a 2008 ta ba wata mata mai suna Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar saboda gaza kare ta daga bauta, aka ba ta diyyar sefa miliyan 10. Amma ita wannan kotu ta ba da umarnin sakin Sambo Dasuki a 2016, ba a sake shi ba sai a Disamba 2019. Kuɗin bai ɗaya da aka raɗa wa suna eko an yi ta ɗaga ranarsa, har aka kai shi 2027.

A 2001 aka ƙara wata ƙa'ida a Dakar wadda ta haramta hawa mulki ba ta hanyar tsarin mulki ba, kuma da ita aka tilasta wa Yahya Jammeh na Gambiya sauka a Janairu 2017. Ƙa'ida ce mai kyau, amma an yi mata riƙon son kai. A 2015 aka kawo shawarar kayyade wa'adin shugabanni zuwa biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, aka bar maganar. A 2020 Alpha Conde a Gini da Alassane Ouattara a Kwaddibuwa suka zarce wa'adi na uku, ƙungiyar ba ta ɗauki wani mataki ba. Saboda haka da sojoji suka karɓi mulki a Mali a 2020 da 2021, da Gini a 2021, da Burkina Faso sau biyu a 2022, matasa da yawa sun riga sun yanke cewa ƙungiyar ta masu kujera ce. Ni ba na goyon bayan juyin mulki, na rayu a ƙarƙashinsa na san abin da yake haifarwa, amma dokar da take kama mai bindiga ta kyale mai murɗe kundin tsarin mulki ba za ta samu masu kare ta a titi ba.

Sauran labarin a gabanka ya faru. An tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yuli 2023, a ranar 30 ga wata ECOWAS ta ba sojojin da suka kifar da shi wa'adin mako guda tare da barazanar yaƙi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya take ba Nijar, wadda ita ce mafi yawan wutar da suke sha. Ka tuna yadda garin nan ya kasance a makonnin nan: a masallatan unguwanni addu'a ake kada a harba ko harsashi ɗaya, domin kowa yana da suruki ko abokin ciniki ko almajiri a can. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi. Waɗanda suka yi ta kai da kawowa su ne Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi, da Muhammadu Sanusi na Biyu, da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau waɗanda suka gana da Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin. Wato a ranar da takarda ta kusa jefa mu cikin yaƙi, tsohon zumuncin da ya girmi takardar ne ya riƙe mu, domin Najeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. An ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: ƙasashen uku sun ƙulla ƙawancen tsaro a ranar 16 ga Satumba 2023, sun sanar da ficewa a ranar 28 ga Janairu 2024, sun kafa tarayyarsu ta Sahel a Yamai a ranar 6 ga Yuli 2024, ficewar kuma ta tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025, bayan cikar shekara guda da yarjejeniyar Kwatano ta shardanta.

Akwai abin lura a nan wanda yake tabbatar da abin da na faɗa maka tun farko. Sun fice daga ECOWAS, amma a ranar da suka fita ba su bar ƙungiyar masu amfani da kuɗin sefa ba, wadda aka kafa a Dakar a 1994, duk da zafin adawarsu da Faransa. Dalili shi ne can akwai babban banki guda da kuɗi guda da albashin ma'aikata ya rataya a kansu, fita tana da tsada. Ita ma tarayyar Sahel wannan jarrabawa tana jiranta: yau shugabanninta uku ra'ayinsu ɗaya, amma sai ranar da ɗaya ya sauka, ko aka saɓa a kan kuɗi ko kan soja, za a san ko an gina hukumar da za ta raba gardama, ko kuwa hanyar Senghor da Modibo Keita aka sake bi.

Game da kai da kawunnanka, a ranar da ficewar ta tabbata ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, a kuma bar su su yi zirga-zirga da ciniki kamar da, har sai an kammala tattaunawa. Wannan rangwame ne na wucin gadi, ba haƙƙi ne da aka ɗaure da sabuwar yarjejeniya ba, saboda haka kada ka kama hanya ba tare da cikakkun takardu ba, kuma ka tambayi direbobin Jibiya halin da ake ciki kafin ka ɗaura kaya. Sannan ka sani ba ECOWAS kaɗai ta haɗa mu da Nijar ba. Akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 mai ofis a Yamai, akwai hukumar tafkin Chadi ta 1964, akwai ta kogin Kwara, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, zai bi ta Katsina da Jibiya. Da ni ake shawara, a kan irin waɗannan zan ce a dage: a rubuta 'yancin zirga-zirgar mutane da dabbobi da hatsi a yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kai tsaye, a sa sharaɗin cewa saɓanin siyasa ba zai zama dalilin yanke wuta ko hana magani da abinci wucewa ba, a kuma buɗe ofishin karɓar ƙorafi a Jibiya da Illela da Maigatari inda mai buhun aya za ta shiga a duba kukanta kafin motarsu ta tashi. Ku 'yan kasuwa kuna da ƙungiyoyi, kuma 'yan majalisar jihohin nan bakwai suna zuwa neman ƙuri'a a kasuwanninku, sai ku sa musu wannan a gaba. Idan ka je Maraɗi ka gaishe mini da kawunnanka.